Rawar Sautin Ƙarshe a Ɗafa-ƙeyar -s da -ed ta Ingilishi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda sunaye da aikatau masu bin ƙa'ida a Ingilishi suke sauya siffa. Matsayarta ita ce sautin ƙarshe na saiwa shi ke yanke yadda za a furta ɗafa-ƙeya, kuma tsarin rubutun harshen yana lulluɓe wannan ƙa'ida.

Gabatarwa

Ingilishin yau ba shi da yawan ɗafe-ɗafen nahawu. Suna mai bin ƙa'ida yana ɗaukar -s don jam'i da kuma mallaka. Aikatau mai bin ƙa'ida kuwa siffofi huɗu kacal gare shi, kamar walk, walks, walked da walking. A takarda abin ba wuya. A baki ne aikin yake.

Yadda ƙa'idar take aiki

Ɗafa-ƙeyar jam'i furuci uku take da shi. Bayan baƙi marar ziza ana jin /s/, kamar a cats da books. Bayan wasali ko baƙi mai ziza sai ta koma /z/, kamar a dogs da days. Idan kuma saiwa ta ƙare da sauti mai kama da ɗafa-ƙeyar, irin na buses, churches da judges, sai wasali ya shiga tsakani, kalmar ta ƙaru da gaɓa guda. Haka -ed take: /t/ a kissed, /d/ a begged, sannan /ɪd/ a wanted da needed, inda saiwa ta riga ta ƙare da /t/ ko /d/. Furuci biyun farko naso ne na ziza. Na ukun saƙala wasali ne domin kada sautuka biyu makusanta su narke wuri ɗaya.

Misalin laughed ya isa hujja. Rubutun saiwar ya ƙare da gh, amma abin da kunne ke ji /f/ ne, marar ziza, shi ya sa ake furta ƙarshen kalmar da /t/. Harafi bai da ta cewa a nan.

Tarihi ya bayyana dalilin wannan saɓani. A Tsohon Ingilishi, -as jam'in rukuni ɗaya ne kawai na sunaye jinsin namiji, irin stānas, kakan stones. Sannu a hankali ya mamaye sauran rukunoni, ya bar 'yan tsiraru irin oxen da children. Aikatau ma sun bi sahu: help da can yana sauya wasalin ciki, yau helped ake cewa. A Ingilishin Tsakiya ana furta wasalin -es da -ed. Daga baya ya faɗi a yawancin muhallai, amma alƙalami bai daina rubuta e ta -ed ba. Ragowar tsohon furucin tana nan a siffatau irin learned da blessed masu gaɓa biyu.

Hujja daga bakin yara

A 1958 Jean Berko ta wallafa gwajinta a mujallar Word. Ta nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 a Amurka zanen wata halitta da ta laƙaba wa suna wug, sannan ta nuna musu guda biyu. Mafi yawansu suka ce wugs da /z/, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Sai dai sun yi tuntuɓe a ƙagaggun kalmomi masu buƙatar ƙarin gaɓa, irin tass da mot. Wannan sashe na sakamakon, a ganina, bai samu kulawar da ta dace da shi ba, domin ya nuna furucin ukun ba lokaci guda yaro ke mallakarsu ba.

An yi muhawara kan ko irin wannan sakamako yana nufin ƙa'ida yaro yake koya. Rumelhart da McClelland a 1986 sun gina tsarin kwamfuta da ya koyi siffofin shuɗaɗɗen lokaci ba tare da an ba shi ƙa'ida ba. Pinker da Prince suka soke shi a 1988, suna ganin ƙa'ida daban, haddar kalmomi irin went daban. Ko wane ɓangare aka bi, yaron da ya ce goed maimakon went bai ji ta a bakin manya ba.

Abin da ya shafi Bahaushe

Hausa tana ɗora lamirin lokaci a jikin wakilin suna: ya tafi, za ya tafi, yakan tafi. Jam'inta kuma rukunoni ne masu yawa, har kalmomin aro ma ta kan ja su ciki, kamar motoci, tebura da ofisoshi. Ga shi yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Saboda haka jerin baƙaƙe irin /skt/ na asked ko /sts/ na tests nauyi biyu ne ga mai koyo: dole ya tuna nahawu yana ƙarshen kalma, kuma ya furta shi inda harshensa bai saba tara baƙaƙe ba. Malamin da ya tsaya kan "a ƙara ed" a allo zai iya samun ɗalibi yana furta kissed da gaɓa biyu. Ya kamata a fara da atisayen kunne kan ziza, a ware saiwoyi masu ƙarewa da /t/, /d/ da dangin /s/ a ba su darasi na musamman, sannan a zo kan rubutu.