Kangiwa: Filin da Katsina Biyu Ke Tunawa

Duk wanda ya shiga birnin Katsina ta ɗaya daga tsoffin ƙofofinta, in ya bi babbar hanya bai ratse ba, ƙarshenta a filin Kangiwa zai tsinci kansa, gaban Ƙofar Soro. Nan ne ƙofar fadar Sarki, gidan da har yau muke kira Gidan Korau. A ranakun aiki fili ne kawai na motoci da masu talla da masu jiran ganin Sarki. Amma mafi yawan manyan abubuwan da suka faru ga wannan ƙasa cikin ƙarni biyar da suka wuce, a bakin wannan ƙofa aka tabbatar da su.

Tsarin da kakanninmu suka bi wajen kafa birni ba ɓoyayye ba ne: fada, da masallaci, da kasuwa, sannan fili a gaban fada inda talakawa ke haɗuwa da masu mulki. A nan ake naɗa sarauta, a yi shela, a tara dakaru kafin fita yaƙi. Sunan fadar yana komawa ga Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. Labarin baka yana cewa ya sami sarauta ne bayan ya kayar da Sanau a kokawa kusa da tsamiyar Bawada, kuma takobinsa Gajere yana cikin kayan sarauta har gobe. Daga zamaninsa birnin ya zama zangon fatake masu ratsa Sahara, ya kuma zama gidan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17.

Babban sauyi ya zo a 1807, lokacin da masu jihadi suka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zauna Gidan Korau. Sarakunan da aka kora suka nufi arewa. Bayan shan kashi a Ɗankama, ragowarsu a ƙarƙashin Ɗan Kasawa suka kafa sabon mazauni a Maraɗi. Abin lura a nan shi ne, ba su ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka kafa sabuwar ƙasa ba. Sun tafi da sunan Sarkin Katsina, sun tafi da sarautun Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, wato masu zaɓen sarki. Waɗanda suka ci birnin su ma ba su soke waɗannan sarautu ba. Ta haka aka wayi gari da fada biyu masu suna ɗaya da tsari ɗaya, tsakaninsu tafiyar kilomita kamar 90, kowace tana ganin ita ce Katsina ta gaskiya.

Wannan ne ya mayar da Katsina garin bakin iyaka tun kafin Bature ya zo da taswirarsa. Kusan ƙarni guda mahayan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, suna kai hari ƙasar da suke ganin tasu ce, daga filin Kangiwa kuma ana ɗaura sirdi a fita tarbarsu. Fatake ba sa son hanyar da babu aminci, sai ciniki ya karkata zuwa Kano. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya iso a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma mutanen cikinta 'yan dubbai ne kawai, unguwanni da yawa sun koma gonaki da kango.

A 1903 Lugard ya shigo da sojojinsa ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an gwabza ba. Cikin 'yan shekaru Turawa suka tuɓe sarakunan Dallazawa biyu, Abubakar da Yero, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, Basullube, a 1906. A daidai wannan lokaci Ingila da Faransa suna ta gyara layin da ya raba yankunansu, da yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka har zuwa 1908. Layin ya bi kusan inda tsohuwar gaba ta tsaya: Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Yaƙi ya ƙare, amma rabuwar ta sami takarda da hatimi. Ɗa ya koyi Turanci a wannan gefe, ɗan baffansa ya koyi Faransanci a wancan.

Da yaƙi ya kau, dawakin da ke taruwa a Kangiwa suka koma na ado. Hawan sallah da muke gani yau, inda hakimai ke zuwa da jama'arsu su yi jahi a gaban Sarki, gadon wancan taron dakaru ne. Dikko ya ƙawata shi, ya kuma gina babban masallacin Juma'a kusa da fada, ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya ƙara masa suna da son dawaki. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, ofisoshin gwamnati suka bazu wajen ganuwa, amma ranar sallah gari kan dawo Ƙofar Soro.

Iyakar kuwa ba ta daina taɓa mu ba. An rufe ta a Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowane karo, mutanen Jibiya da Ɗan Issa ne suka fara ji a jikinsu: kaya suka yi tsada, zumunci ya yi wuya, biki da ta'aziyya suka koma ta waya. Shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai, a kan dangi ɗaya take sauka.

Shi ya sa bai kamata mu ɗauki filin Kangiwa a matsayin wurin kallon dawaki na kwana biyu a shekara kawai ba. Ganuwar birnin ta zube a wurare da yawa, gine-gine sun ci wani sashe nata, kuma yaranmu da dama suna wucewa ta Ƙofar Soro ba su san cewa akwai wani Sarkin Katsina a Maraɗi ba. Filin yana buƙatar a kare shi daga cunkoson gini, tarihinsa kuma a koyar da shi ga ɗaliban Katsina da na Maraɗi baki ɗaya, domin kakannin duka biyun sun tsaya a cikinsa.