Tsinkewar Jijiyar Gwiwa: Musabbabi da Sakamakon Tiyata, Nazari Daga Kawo

Tsakure

Wannan maƙala ta tattaro binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kan tsinkewar jijiyar da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta auna shi da yanayin rayuwa a Kawo, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa. Ta nuna cewa ƙwarewar likitan tiyata ba ita kaɗai ke yanke makomar gwiwa ba. Jinkirin gano rauni da gaggawar komawa fili su ne suka fi yi wa matasa illa.

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na 2022 ƙungiyar Real Sociedad ta ƙasar Sifaniya ta sayi Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, daga Almeria. A wasansa na farko ya jefa wa Atletico Madrid ƙwallo. A karawa da Getafe, ranar 11 ga watan, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar wasan ta wuce shi baki ɗaya. Cikin 'yan kwanaki aka san abin da ya same shi, aka yi masa tiyata, ya dawo fili a kakar da ta biyo baya.

Yaron da irin wannan ya samu a filin makarantar firamare a Kawo, labarinsa daban ne. Za a ce targaɗe ne, a ja ƙafar, a shafa man zafi, a ɗaure.

Jijiyoyi huɗu ne manya ke riƙe da gwiwa: biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna. Ta gaban cikin na tsakiyar ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya. Jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, shi ya sa idan ta tsinke da wuya ta haɗe da kanta yadda karaya ke haɗewa.

Abubuwan da ke jawo raunin

'Yan kallo kan ɗora wa mai tsaron baya laifi, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na irin wannan rauni ba wanda ya taɓa ɗan wasan. Ya kafe ƙafa ne zai yanke, ko ya diro daga tsalle gwiwa a miƙe, sai gwiwar ta karkata ciki, jiki kuma ya juya. Da yawa kan ji ƙarar "ɗas", kafin dare gwiwa ta kumbura suntum.

Akwai abin da mutum ke zuwa da shi daga haihuwa. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, Uhorchak da abokan aikinsa sun bi kurata 859 na tsawon shekara huɗu, suka wallafa sakamakon a 2003: jijiyar 24 daga cikinsu ta tsinke ba tare da karo ba. Waɗanda ramin da jijiyar ke ratsawa a ƙashin cinyarsu ya yi ƙunci, da masu sakin gaɓɓai, su suka fi shiga haɗari, haka ma mata masu nauyin jiki. Wannan ya shafi Kawo kai tsaye, domin a nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa take, kuma atisayen soja tsalle ne da dira da kaya a baya.

Mata 'yan wasa sun fi maza kamuwa, ninki biyu zuwa takwas gwargwadon irin wasan. A binciken da ya wallafa a 2005, Hewett ya auna yadda 'yan mata 205 ke dira daga tsalle. Tara da jijiyarsu ta tsinke daga baya, tun farko gwiwarsu ta fi ta sauran karkata ciki. Amfanin wannan binciken shi ne, salon dira abu ne da koci ke iya gyarawa.

Sai ƙasa da takalmi. Binciken Orchard a ƙwallon Ostareliya ya gano cewa raunin ya fi yawa idan ruwan sama ya yi ƙaranci fili ya bushe, domin takalmi kan kama ƙasa ya ƙi saki. Wanda ya san jar ƙasar filayen unguwa a Kaduna lokacin hunturu, da ramukan da damina ta bari, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haɗarin babur a kan titin Zariya ko kusa da tashar Kawo kuwa nasa ya fi muni: yakan tsinka jijiya biyu ko uku a lokaci guda, har ya taɓa hanyar jini.

Jinkirin gano ciwon

A nan gizo ke saƙar. Tun 1980 Noyes ya nuna cewa a cikin gwiwoyin da suka cika da jini nan take bayan rauni, kashi 72 cikin ɗari jijiyar ACL ce ta samu matsala. Amma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Sai a duba a ce babu karaya, hankalin iyaye ya kwanta, a wuce wajen mai ɗori. Bayan makonni kumburi ya saɓe, yaro ya taka, kowa ya ce an dace.

Ba a dace ba. Tafiya a miƙe ba ta buƙatar wannan jijiyar sosai. Sai ranar da ya zo yin yanka gwiwa ta sake gocewa. Kowace gocewa tana iya yaga guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan biyu, kuma asarar wannan guringuntsi ce ke gaggauta zuwan amosanin gaɓɓai. Abin takaicin shi ne gwajin Lachman, wanda likita ke yi da hannu biyu cikin minti ɗaya, yana gano yawancin masu wannan rauni kafin a kai ga maganar hoton MRI da tsadarsa. Da ma'aikatan da ke karɓar masu rauni a matakin farko sun ƙware a kansa, da an riƙa tura mutane da wuri zuwa asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Tiyata da sakamakonta

Ba ɗinke jijiyar ake yi ba, sabuwa ake dasawa. Hey Groves ya bayyana irin wannan aiki a Ingila tun 1917. Yau da na'urar leƙa cikin gaɓa ake yi: a yanko jijiya daga jikin majiyyacin, ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙasusuwan a zura ta a ɗaure. Ta ƙoƙon gwiwa ta fi jure wahala, amma ta fi barin ciwo wajen durƙuso. Ga mai sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, mai kuma amfani da masai na tsuguno, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ya kamata likita ya tattauna ta da majiyyaci kafin a shiga ɗakin tiyata.

Shin kowa ne ke buƙatar aikin? A Suwidin, Frobell ya raba matasa 121 da raunin bai daɗe da samunsu ba: wasu tiyata nan take, wasu gashin ƙashi da motsa jiki tukuna. Sakamakon da ya fito a 2010 bai nuna wani bambanci a zo a gani ba bayan shekara biyu, kuma bayan shekara biyar kusan rabin rukuni na biyu ba su yi tiyata ba. Sai dai binciken da Beard ya jagoranta a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2022, ya duba mutum 316 da raunin ya daɗe a jikinsu gwiwa na ta gocewa, ya gano tiyata ta fi musu amfani bayan wata 18. Wannan na biyun shi ya fi kama da majiyyacin da ya shafe watanni tsakanin mai ɗori da kantin magani.

Alƙaluman komawa fili ba su kai yadda 'yan wasa ke fata ba. Ardern ta haɗa bincike masu yawa a 2014: kashi 81 sun koma wani nau'in wasa, kashi 65 sun koma matsayinsu na da, kashi 55 kacal suka koma gasa. A cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, Wiggins ta lissafa kashi 23 sun sake tsinka jijiya, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar. Victor Boniface sau biyu abin ya same shi a Nowe kafin ya ɗaga kofin Jamus da Bayer Leverkusen a 2024. Haka nan, shekara 10 zuwa 20 bayan raunin, kusan rabin masu shi kan kamu da amosanin gwiwa, kuma ba a tabbatar da cewa tiyata na hana hakan ba.

Grindem ta nuna a 2016 cewa kowane wata guda da aka ƙara haƙuri, har zuwa wata tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sabon rauni da kashi 51 cikin ɗari. Wata tara na zirga-zirga zuwa sashen gashin ƙashi kuɗi ne da kuɗin mota, kuma iyalin da suka sayar da fuloti don tiyata ba safai suke ware wa wannan kaso ba. Ga koci na kira, gasar unguwa ta matso.

Rigakafi

Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 ne, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo: gudu, ƙarfafa cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira da gwiwa a lanƙwashe. A Legas aka gwada shi kan matasa 'yan ƙwallo sama da 400 na ƙungiyoyi 20, kuma Owoeye da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 2014 cewa raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari, na ƙafa da kashi 48. Masu horar da ƙungiyoyin Kawo, Hayin Banki da Unguwar Dosa na iya koyon shirin a zama ɗaya, su riƙa yin sa aƙalla sau biyu a mako kafin atisaye.