Lambunan Bakin Kogi: Yadda Aka Hori Laka a Kudancin Garin Kaduna

Duk wanda ya ƙetare gadar Kaduna da sassafe a cikin hunturu, ya nufi Kakuri ko Barnawa, idan ya kai dubansa zuwa gaɓar kogi zai ga fangalai shar, na latas da kabeji da alayyafo, jere a kan baƙar ƙasa mai laushi. Galibin masu wucewa kuwa sukan zaci haka Allah Ya halicci wurin tun fil azal. Alhali asalin ƙasar fadamar nan a wurare da yawa laka ce mai nauyi, wadda in damina ta sauka takan riƙe ruwa ta zama taɓo har ta kama fartanya, in rani ya yi kuma ta bushe, ta tsattsage, ta yi tauri kamar tubali. Laushin nan gumin mutane ne na shekaru masu yawa.

Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne ma'abota wannan ƙasa tun gabanin zuwan Turawa, kuma su suka fara sanin ɗabi'arta, domin sukan tara ta tsibi tsibi saboda doya, yadda ruwa zai tsane ya bar saiwa ta shaƙi iska. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa nan har ta isa Kano a 1911, aka kafa tasha a kudancin kogin, sa'an nan Gwamna Lugga ya sa aka ɗauko helkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sai aka sami jama'ar da ke ci ba ta noma: ma'aikatan reluwe, da soja, da akawuna, da Turawa masu neman kabeji da karas. Buƙatar waɗannan ita ta jawo masu lambu daga ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina, wasunsu 'yan cin rani, suka zo da ilimin jigo da yanka fangali da suka gada.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne hikimar da suka bi da lakar, domin laka ba ta jin ƙarfi, sai dai lallashi. Ba sa taɓa ta tana jiƙe sharkaf, saboda sun sani in aka kafce ta a wannan hali takan dunƙule hoge hoge, ta bushe a haka, har shekara ta zagayo ba ta warware ba. Sukan dakata sai ruwa ya janye da kaka, ƙasa ta sha iska, in an damƙa ta a hannu ta marmashe. Daga nan sai a shiga zuba mata kashin shanu da na awaki, da tokar murhu, da buntun shinkafa, da ƙaiƙayi, da ruɓaɓɓen juji na cikin gari, ana ɗaukowa a mangala bisa jakuna, a cuɗa, a ɗaga fangali sama kaɗan, a fitar masa da hanyar ruwa. Yashi kuwa, wanda baƙon sana'a yakan fara tunawa da shi, masana ba su cika yarda da shi ba, don kaɗan daga cikinsa a cikin laka ba ya ƙara mata komai sai tauri, mai yawa kuma ya fi ƙarfin jaki da mai jaki. Malaman fiƙihu suna da babi da suke kira ihya'ul mawati, wato raya matacciyar ƙasa, kuma a ganina waɗannan bayin Allah sun yi aiki da ma'anarsa ko da ba su karanta shi ba.

Zamanin masaƙu ya haɓaka sana'ar, ya kuma cuce ta. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, a zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, har kamfanin Peugeot ya zo a 1975, Makera da Kakuri da Nasarawa suka cika maƙil, kasuwar ganye ta buɗe, juji ya wadata. Amma ruwan rini da ke kwararowa ta magudanai zuwa kogi ya riƙa bi ta gefen fangalai, har waɗansu suka yi ban ruwa da shi saboda rashin wani. Sa'an nan takin zamani ya yawaita daga wajen 1976, injin ban ruwa kuma ya kori jigo, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990. Ban ƙi ko ɗaya ba, sai dai takin buhu shuka yake ciyarwa, ba ya sassauta laka, kuma fangalin da aka hana wa kashin shanu shekara biyar yakan koma halinsa na dā. Jujin ma da aka dogara da shi yanzu leda ta gauraye shi, sai an tsince kafin a zuba.

Da masaƙu suka durƙushe, ta farkon a 2002, babbar cikinsu a 2007, waɗansu daga cikin ma'aikatan sun gangaro bakin kogi neman abin sawa a baka, suka tarar an yanka sassa da dama na fadamar filaye an yi gini a kai, har cikin wuraren da ruwa yakan kwanta, waɗanda ambaliyar 2003 da ta 2012 suka shafe.