Daga Salaga Zuwa Adum: Abin da Wuta Ba Ta Ci Ba

Tunda Allah ya sake nuna mana ranar kafuwar ƙungiyarmu, bari mu waiwayi yadda kasuwancin Zangon Kumasi ya riƙa faɗuwa yana tashi tun zamanin kakanninmu.

Shi kansa Zangon nan, bala'i ne ya cika shi da mutane. A da, babbar kasuwar goro tana Salaga, ƙasar Gwanja. Can fataken Kano da Katsina suke sauke jakunansu, domin sarakunan Asante ba sa barin baƙo ya ratso har dajin goro. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta, hanyar goro ta rikice. A 1892 kuma yaƙin sarauta ya watsa Salaga ɗin kanta. Masu masauki da dillalai da malamai suka bazu, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan mai waƙoƙi, ya ƙare rayuwarsa. Da Turawa suka riƙe Kumasi a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai jama'a suka gangaro nan.

Da yawansu hannu sake suka iso. Abin da suka zo da shi shi ne tsarin maigida. Baƙo ya sauka gidan maigida, ya ci, ya kwana, a adana masa kaya, a haɗa shi da mai saye ta hannun dillali. In an sayar bashi, kamar yadda mahautan Kumasi suka daɗe suna karɓar shanun arewa, maigida ne yake tsayawa. Mai saye ya gudu, shi zai biya. Saboda haka jarin maigida na gaske sunansa ne, da sanin wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Mutum zai rasa huhun goro ɗari a hanya, ya dawo a sake ɗaure masa kaya a kan kalmarsa. A ganinmu nan ne asirin yake.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shiga Kumasi. Hukuma ta rushe gidaje a tsohon Zango, aka gina Sabon Zango. Mutane suka sauya unguwa, ciniki ya ci gaba, don masu bi da waɗanda ake bi duk suna nan.

Wanda ya fi yi mana illa ba wuta ba ce, ba cuta ba ce, takarda ce. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Yarbawa suka fi tafiya, amma har da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibi, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Aka sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance. Kaya dai suna nan, masu amanar ne suka tafi. Wanda kake bi yana cikin mota zuwa Aflao, wanda zai tsaya maka ya koma Sakkwato. Gobara takan bar ka da mutanenka, kora kuwa da su take tafiya. Sai dai wasu daga cikin waɗanda suka tafi sun zama masu masaukinmu a Legas da Kano da Yamai, kuma a kan irin wannan zumunci cinikin ƙetare iyaka yake tafiya har gobe. A 1983, shekarar fari da wutar daji da yunwa, Najeriya ita ma ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Kowane ɓangare ya ɗanɗana.

Mu a zamaninmu wuta muka fi sani. Babbar kasuwa ta ƙone a 2009, ta kuma maimaita sau da dama. Sabuwar Kejetia ta kama a Maris 2023. Ranar 21 ga Maris 2025, ana cikin azumi, ta Adum ta lashe shaguna masu yawa. Tsakanin haka Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, Gana kuma ta rufe nata na ƙasa shekara biyu saboda korona.

Duk wanda ya je wurin gobara ya san abin da ke biyo baya. Toka ba ta gama hucewa ba za ka ga an kafa tebur da laima. 'Yan adashi su sauya layi su ba wanda ya ƙone ɗauka, babban ɗan kasuwa ya saki kaya a biya sannu a hankali, a yi yekuwa a masallaci. Kuma ba mai tebur kaɗai ke farfaɗowa ba. Ranar da ya buɗe, 'yan kaya sun samu dako, mai shinkafa da wake ta ɗora tukunya, malamin makarantar allo ya samu kuɗin laraba. Alkawarin hukuma yakan zo, amma teburin yakan riga shi.

Inda muke da damuwa shi ne matasanmu. Da yawa yanzu daga Dubai ko Sin suke sayo kaya, da kuɗin banki mai ruwa, ta hannun wanda suka sani a WhatsApp kawai. Mai kaya a Guwanzu bai san mahaifinka ba, banki kuma ranar biya ya sani. Kaɗan ne cikinmu ke da inshora, wasu don tsada, wasu don shakkar hukuncinta a addini. Littafin bashin ma a cikin shagon yake kwana, tare da kayan da wutar za ta ci.