Daga Fijo 504 zuwa RAV4: abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi ƙaramar jif ta hannu

Idan kana zirga-zirga tsakanin Hadejia, Kirikasamma da Baturiya, ka san abin da ke sa mutum sha'awar ƙaramar jif: rairayi da rani, laka da damina. To kafin ka tura kuɗi saboda hoton da dillali ya turo maka a WhatsApp, bari mu waiwaya mu ga yadda motocin nan suke isowa gare mu.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. A zamanin, ma'aikaci kan sayi Fijo sabuwa fil, ya san tarihinta tun daga ranar farko. Bayan shirin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a, 'yan kasuwa suka koma kwaso tsofaffi daga Turai. Nan sunan "Beljiyam" ya samo asali, haka ma "'yar Kwatano", saboda tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Benin da ake sauke su. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, shi ya sa takardar kwastam ta ƙara muhimmanci.

Ita ƙaramar jif kuwa, Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo baya da CR-V a 1995. Da yawa daga cikin waɗanda kake gani yanzu daga Amurka da Kanada suka zo, galibi ta hanyar gwanjon kamfanoni irin Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Kai da ka ga ambaliyar 2022 a Jigawa, ka san abin da ruwa ke bari a ɗaki ko bayan ya janye. Haka yake a mota: wayoyin lantarki da kwamfutarta suna ruɓewa a hankali, sai bayan watanni matsala ta fito.

Sa'ar da muke da ita, wayarka za ta iya tono wannan tarihin. Tun 1981 motocin kasuwar Amurka ke ɗauke da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofarsa. Ka tabbata biyun sun yi daidai da ta takardar kwastam. Sannan ka sa ta a Google, sau da yawa hotunan gwanjon za su fito. Shafin NICB VINCheck kyauta ne, Carfax kuma na kuɗi ne.

Na biyu, tun 1996 motocin Amurka ke da wurin sa na'urar OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ka samu ƙaramar ELM327 mai Bluetooth, ka haɗa ta da manhajar Torque, za ta nuna maka kurakuran injin.

Na uku, kada tsayin mota ya ruɗe ka. RAV4 da CR-V da yawa tayoyin gaba kaɗai ke ja. Idan hanyar fadama za ka bi, ka nemi mai AWD, bakanike ya leƙa ƙasa ya tabbatar maka. Ka tuna fa ta fi shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan lissafin ba wasa ba ne.

Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Dillalin da ya hana ka lambar VIN, ka gode masa, ka riƙe kuɗinka.