Jita-jitar da ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo

Jama'a, kafin mu ci gaba da zagin 'yan jarida, ya kamata mu san abin da ya sa aka kafa jaridar Hausa da ta fi kowace shahara.

A daf da Yaƙin Duniya na Biyu, wani raɗe-raɗi ya cika kasuwanni da zaurukan Arewa, wai Turawan Ingila za su miƙa Najeriya ga Hitler don su lallashe shi. Jamus na neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin farko, ciki har da Kamaru maƙwabciyarmu, saboda haka maganar ta yi kama da gaskiya. Hankalin mutane ya tashi, kuma babu inda talaka zai je ya tabbatar.

Wannan na cikin dalilan da suka sa a watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin kulawar Dakta Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma shi ne edita. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, daga nan sunan ya fito.

E, jaridar gwamnatin Turawa ce, ba wanda ya musa. Amma Imam ya buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, malamai da ma'aikatan En'e suna rubuto kokensu ana bugawa. Mutum ɗaya ya saya, ya karanta wa zaure guda. Da haka ta samu amincewar jama'a, don labari yana da mai shi, in ƙarya ce an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

To, dubi 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Wa za a tuhuma? Kowa cewa yake yi turo masa aka yi.

Yau kowannenmu edita ne, jaridarsa na cikin aljihu. Kafin ka tura labari a WhatsApp, ka tambaya: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu amsa, bar shi ya mutu a wayarka.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam.