Me ke faruwa a cikin zuciya idan jini ya ragu?

Zuciyarmu tsoka ce da ba ta san hutu ba. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma ba ta da rumbu: ƙarfin da ta tanada, wanda likitoci ke kira ATP, ba ya kai ta ko minti ɗaya. Dole ta riƙa ƙera sabo.

Inda take ƙera shi wasu ƙananan murahu ne a cikin kowace ƙwayar tsoka, masu suna maitokondiriya, waɗanda suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar. Nan ake ƙona kitse da sukari da iskar oksijin da jini ke kawowa.

To, idan kitse ya ƙuntata jijiyar da ke ciyar da zuciya, ko gudan jini ya toshe ta, murahun sai su mutu. Ƙwayar ta koma sarrafa sukari ba iska. Sukarin da ke ba da ATP wajen 30, yanzu 2 kacal zai bayar. Tsami ya taru, gishiri da ruwa su cika ƙwayar ta kumbura, sinadarin kalsiyam ya lalata murahun. Cikin minti ɗaya wannan sashen ya daina matsawa. Bayan minti 20 zuwa 30, ƙwayoyin su fara mutuwa.

Manoman raninmu na Jiratawa sun san abin: in hanyar ruwa ta toshe, fangalin ƙarshe ne ke fara bushewa. Haka zuciya take. A 1977 masu binciken Amurka, Reimer da Jennings, suka nuna cewa ɓarnar na farawa daga ciki, tana bazuwa waje cikin awoyi. Abin da ya mutu tabo yake zama, ba ya sake bugawa.

Shi ya sa muke jan hankalin jama'a, musamman masu hawan jini, ciwon suga da mashaya taba. Nauyi a ƙirji mai zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, ba na jiran gari ya waye ba ne, kuma kar a ce olsa ce. Daga Tibiri ko Jiratawa, Maradi ba nisa. A garzaya babban asibiti a auna zuciyar.